Injiniya Lawali da kabul biyu na gidan rediyonmu

Injiniya Lawali Abdu ya rasu yau Juma'a da asuba, a wani asibiti a nan Ƙonni.

Labarin ya same ni da safe ina shirin fita. Hadiza ce ta kira ni, mai kula da sauti a gidan rediyonmu, kuma 'yar kawunsa. Abin da ta iya faɗi ke nan: "Lawali ya rasu."

Ga abin da na tabbatar. Jiya da rana ya yanke jiki ya faɗi a Malbaza, yana tsakiyar aiki a wani buro, wato ofis. Aka kawo shi Ƙonni, bai sake magana ba. Iyalinsa ba su bayyana abin da likita ya ce ba, ni ma ba zan yi hasashe ba, kuma ina roƙon masu yi a shafukansu su daina. An yi masa sutura bayan sallar Juma'a.

Na Allah ne mu duka. Shi dai ya riga mu amsa kira.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan ba su taɓa jin sunansa ba. Amma in kana Alela, ko Bazaga, ko Tajaye, kana kunna rediyo ranar Lahadi bayan la'asar don ka ji muryar ɗanka da ke Abijan ko Legas, to ka sha jin aikin Lawali da kunnenka.

Ni ke gabatar da wannan shirin, na gaisuwar 'yan bida. Waɗanda suka tafi nema a ƙasashen nesa su kira mu ta intanet, mu saka muryarsu kai tsaye, su gaida gida.

Wani zai ce ai akwai waya. Akwai. Amma gaisuwar waya mutum ɗaya ke jin ta. Ta rediyo gari duka ke ji, kuma tana da tsari: uba, uwa, baffanni, kawunnai, surukai, liman, mai gari, sannan abokan fada. Wanda aka ambata ya gyara zama. Wanda aka tsallake, duk wanda ke gindin bishiyar ya ji an tsallake shi.

To bara, bayan girbi, kiran ya fara yankewa a tsakiya.

Wani Sa'idu, ɗan Bazaga, ya kira daga Abijan. Ya gaida mahaifinsa, ya gaida mahaifiyarsa, ya bi baffanninsa ɗaya bayan ɗaya, har da wanda kunnensa ya yi nauyi. Ya ja numfashi zai shiga surukai, sai muryar ta kakkarye, ta ɗauke.

Washegari surukin nasa ya sa aka ɗauko shi a babur har ƙofar gidan rediyo. Dattijo ne mai farin gemu, ya ƙi kujera.

"Ku kunka yanke shi, ko shi ya yi shiru?"

Na ce, "Baba, na'ura ce."

"Na'ura ta san baffanninshi duka, ni ɗai ne ba ta sani ba?"

Ya ce in haka ne, ɗiyarsa za ta dawo gida ta huta, sai ranar da mijin ya tuna tana da uba.

A ranar daraktanmu ya kira ni. Alhaji muke ce masa, ɗan gidan masu motocin sufuri ne, mutum ne mai son a yi abu a gama. Ya ce shirin da aka kafa don ya haɗa mutane ya fara raba su. Ko a gyara, ko a rufe.

Bari in faɗi inda matsalar take, kamar yadda na fahimta daga baya.

Bayan situdiyo akwai wani ɗan ɗaki mai akwati biyu. Ɗaya suwic ne, wanda kwamfutoci da kyamarorin gidan duka ke jone da shi. Ɗaya rauta ce, mai raba hanya. Ita ke cewa wannan saƙo na waje ne, wannan na situdiyo, wannan na ɗakin tace bidiyo. Duk abin da zai fita daga wani sashe zuwa wani sai ya hau wurinta ya sauko. Tsakanin akwatunan biyu kabul ɗaya ne tal.

Da, ya ishe mu. Amma mun fara ɗaukar shirye-shirye a bidiyo muna watsawa, har da na gaisuwar kansa. Hotuna masu nauyi suka cika kabul ɗin, muryar mai kira ta rasa wurin bi. Mun gwada hana masu tace bidiyo aiki a lokacin shirin. Abin ya yi sauƙi, bai warke ba.

Alhaji ya yi lissafin ɗan gidan motoci: hanya ta yi kaɗan, sai a ƙara hanya. Ya sayo kabul a kasuwar bakin iyaka, ya shiga ɗakin da kansa, ya jona shi kusa da na farko.

Gidan duka ya tsaya. Fitilun akwatunan suka kama ƙyaftawa gaba ɗaya, ko takardar labarai ba ta buguwa. Hadiza ta zare sabon kabul ɗin, komai ya dawo, ta kira taubashinta Lawali.

Ranar na fara ganinsa. Ya zo a babur, da jakar aiki a baya, da ƙunshin albasar Galmi a gaba.

"Ina baiwata? An ce kin kashe rediyon mutane."

"Bawa, cire takalmi. Nan ba gonar albasa ba ce. Kawo harajina."

Ya miƙa mata albasar da hannu biyu, har da durƙusawa. Haka suke tun suna yara, aka ce.

Da ya ji abin da ya faru, ya tambayi wanda ya jona kabul na biyu. Alhaji ya ce, "Ni ne."

Lawali bai ko murmusa ba. Ya ce, "Alhaji, tunaninka daidai ne, kabul biyu muke buƙata. Abin da ya rage, ba a gaya ma akwatunan ba."

Ya yi bayani. In akwati ya ga ƙofa biyu zuwa wuri ɗaya, ba a ce masa komai ba, saƙon da ya fita ta ɗaya sai ya dawo ta ɗayar, ya sake fita, ya yi ta kewayawa yana hayayyafa har ya toshe gidan. Dole a shaida wa kowane akwati cewa waɗannan ƙofofi biyu hanya ɗaya ce. Masana suna ce wa yarjejeniyar LACP. Shi dami yake ce mata, kamar damin gero.

Na ga kafaɗun Alhaji sun sauka. Mutumin da ya shigo da kunya ya fita yana gaya wa maigadi cewa injiniya ya tabbatar da shawararsa.

Lawali ya buɗe kwamfutarsa ya ɗaura damin a ɓangarorin biyu. Damin ya ƙi tashi. Ya duba, ya sake dubawa, sai ya fashe da dariya ya yafito ni.

"Ɗan jarida, zo ka ga surukai biyu sun haɗu a lungu. Kowa ya sadda kai yana jiran ɗan'uwanshi ya fara sallama."

Ashe a wannan tsari kowane akwati yana da hali biyu: ko ya fara magana, ko ya jira a yi masa. Lawali ya bar suwic a kan jira, da zaton rauta za ta fara. Ita ma a kan jira take. Ya ce haka za su zauna har batir ya ƙare. Ya mayar da su duka masu farawa, damin ya tashi nan take.

Alhaji ya ce alhamdu lillahi, a kawo shayi.

Lawali ya ce a kawo, amma ba a gama ba. Ya sa aka kunna kyamarori, masu bidiyo suka tura aikinsu, ya nuna mana fitilun ƙofofin biyu. Ɗaya tana ƙyaftawa kamar za ta ƙone. Ɗayar sai jefi-jefi.

Wannan ya ɗauke shi lokaci. Ina zaune kusa da shi, ban ji ya zagi na'ura ba, ban ji ya zargi wanda ya fara haɗa ta ba. Lambobi yake karantawa, ya kurɓi shayi, ya sake karantawa.

Abin da ya gano shi ne, suwic yana zaɓa wa saƙo kabul ta hanyar duba adireshin akwatin da zai karɓe shi na gaba. A gidanmu kuwa kusan komai wurin rauta yake fara zuwa. Adireshi ɗaya, kabul ɗaya. Na biyun yana cikin damin, ba a dai ɗora masa kaya. Ya canza ƙa'idar ta koma duba ainihin wanda ya aiko da wanda ake aika wa. Ya yi a suwic, ya yi a rauta, don kowane akwati abin da ke fita daga wurinsa kawai yake rabawa.

Fitilun suka kama aiki tare.

Alhaji ya ce, "Ke nan gudu ya ninka?"

"A'a, Alhaji. Amalanke biyu kake da su, ba babbar mota ba. Buhu ɗaya a amalanke ɗaya zai hau, ba a tsaga shi. In buhuna sun yi yawa ne za su rabu. Yanzu sun ishe ku. In kunka ƙara kyamarori, mu sake zama."

Na yi hira da ƙwararru da yawa a aikina. Kaɗan ne na ga suna rage girman aikinsu a gaban wanda ya kira su, alhali shi mai kiran so yake a ce aikin ya fi haka.

Sai kuma al'adarsa, wadda duk wanda ya yi wa aiki ya sani. Ba ya tafiya sai mai gida ya cire kabul da hannunsa.

Ya tura Hadiza waje ta kira situdiyo ta intanet, ta yi ta magana. Ta zaɓi ta karanto laifuffukan Lawali tun daga yaye. Shi kuma ya ce wa Alhaji ya zare kabul ɗaya.

"Ni? Bayan abin da na yi ɗazu?"

"Kai dai. Ni ban yarda da gyara ba sai na ga an cire kabul murya ba ta tsaya ba."

Alhaji ya yi bismilla ya zare. Muryar Hadiza ta ci gaba a lasifika, tana ba da labarin ranar da jaki ya kayar da Lawali a gaban 'yan mata. Aka mayar, aka zare ɗayan. Ba ta tsaya ba.

Lahadin da ta biyo, Sa'idu ya kira. Ya ce a yi masa afuwa, yau zai karya tsari. Tun kafin ya zo kan ubansa, ya gaida surukinsa, "Baba na bakin kasuwa", ya gaida shi da gajiya, ya gaida shi da iyali, ya gaida awakinsa, ya dawo ya sake gaida shi. Sannan ya bi sauran har abokan fada, bai rasa kowa ba.

Na ji daga baya cewa matarsa ba ta kai ga ɗaure kaya ba.

Da na fito daga situdiyo na tarar da Lawali a ɗan ɗakin, zaune a ƙasa, kwamfuta a cinya. Ba wanda ya kira shi. Ya ce ya zo ne ya ji ko awakin sun amsa.

Daga nan muka saba.

Akwai lokacin da mahaifiyata ta kwanta a Tajaye, aiki ya riƙe ni, ga magani a hannuna. Ya ce in kawo, Illela za shi, a kan hanyarsa ne. Sai daga baya na san ba shi da wani aiki a Illela ranar. Da na yi masa magana ya ce babur ɗin ne ke son motsa jiki.

A wurin suna ko ɗaurin aure, za ka same shi a gefe da wayoyin tsofaffi a gabansa, yana share musu abin da ya cika su. Abincinsa kan huce.

Duk kabul da ya taɓa sai ya liƙa masa suna da Hausa a kai biyun, don wanda zai zo bayansa.

Ban taɓa jin ya ce wa mutum "ba za ka gane ba". In ba ka gane ba, sai ya ce shi ne bai iya faɗi ba, ya sake daga wani gefe.

Da bazara ta shigo aka fara ɗauke wuta mai tsawo, har baturanmu su ƙare, gidan ya mutu gaba ɗaya. Sai yankewar ta dawo. Wani mako lafiya lau, wani mako muryoyi su kakkarye.

Wanda ya fi ciwo, wani ɗan Tajaye ne ya kira yana yi wa mutanen garinsu ta'aziyyar limaminsu. Ya fara addu'a, ta yanke a tsakiya. Mai gari ya aiko ɗan saƙo, ba da faɗa ba, ya ce a gaya wa Alhaji mutane ba su ji daɗi ba.

Alhaji ya tara mu. Ya ce, "Lahadi mai zuwa, in kira ya yanke ko sau ɗaya, na rufe shirin. Ba zan riƙa ɓata zumuncin mutane da eriyata ba." Ba da fushi ya faɗa ba. Kuma ban ga laifinsa ba.

Lahadin da yake nufi ita ce jibi.

Wannan matsalar ta wahalar da Lawali fiye da ta farko, don ta ƙi bayyana a gabansa. Ya ce mini sharrin dami ke nan: in kabul ɗaya ya fita, ɗayan sai ya ɗauki kayan shiru, ba ƙara, ba alama a kwamfutar kowa. Ba a sani sai ranar da kaya suka yi yawa, ranar kuwa ita ce Lahadi.

Sai ya ajiye kwamfuta ya koma tambayar mutane. Ya zauna da masu bidiyo, ya zauna da ni, ya zauna da Hadiza. Tambayarsa ɗaya: mi ya faru kafin? Shi da Hadiza suka jera makonnin da abin ya ɓaci, suka ga kowanne ya biyo bayan mutuwar batir ne. Amma ba kowace mutuwar batir ke kawo shi ba.

Ya ce ranar da batir ya sake mutuwa, kada a taɓa komai, a kira shi.

Aka sake ranar Talata da safe. Ya zo kafin in gama labaran farko.

Ya gano matsalar. Da akwatunan suka farfaɗo, kabul ɗaya ya tashi da cikakken gudunsa, ɗayan ya tashi da gudu ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Dami kuwa ba ya karɓar kabul biyu masu gudu daban, sai ya fitar da mai rauni. Wani tashin ya yi daidai, wani tashin ya gaza. Shi ya sa abin ke zuwa yana tafiya.

Hadiza ta bi kabul mai raunin da yatsa har ƙarshensa. Na Alhaji ne, na kasuwar bakin iyaka.

Lawali ya ce, "Laifina ne. Tun ranar farko kan kabul ɗin bai yi mani ba. Na gwada shi ya wuce, na bar shi. Alhaji ya sayo shi da hannunshi, yana tsaye a kaina, ban iya cewa a jefar ba."

Hadiza ta ce, "Kunyar bawa ta kashe muna rediyo ke nan."

"Ta kusa, ranki ya daɗe."

Ya yanko sabo daga nasa naɗin, ya matse kawunan da kansa, ya gwada, ya jona. Sannan ya naɗe tsohon a hankali ya nufi buron Alhaji. Na bi shi, don ina son in ji yadda zai fita daga wannan.

"Alhaji, kabul ɗinka ya yi aikinshi, mun ba shi hutu. Zan maida shi ga firintarka, ya zan kusa da kai."

Alhaji ya dube shi ta saman tabarau.

"Lawali, kabul ɗina ne mai laifi, ko?"

"Ana tuhumarshi, Alhaji. Ba a yanke hukunci ba."

Alhaji ya yi dariya har da tari. Amma Lawali ba wasa kawai yake ba. Ya ce akwai wanda ake tuhuma na biyu, ita ce ƙofar suwic ɗin da kabul ke shiga. Suwic ɗin tsoho ne, an yi amfani da shi a wani wuri kafin ya zo mana. Cire kabul a mayar ba ya tayar da matsalar. Sai an kashe akwatunan gaba ɗaya, wuta da batir, su huce, a sake tayar da su, a maimaita. In kabul biyun suka yi ta tashi da gudu ɗaya, tsohon kabul ne. In ba haka ba, ƙofa ce, dole a kwance damin a ɗaura shi a wasu ƙofofin.

Ranar ba za a iya kashe gidan ba. Muna da baƙi daga Illela, ana shiri kai tsaye kan rigakafin dabbobi, makiyaya na kira. Sauran ranakun ma a cike suke. Aka tsayar da Asabar da safe, lokacin da muke buɗe tasha a makare.

Kafin ya tafi ya zaunar da Hadiza a gaban kwamfutar.

"Ke za ki yi, ni hannuna ya gaji da ɗaukar maki albasa."

Ya nuna mata inda ake ganin gudun kowace ƙofa. Ya sa ta ɗaura dami na gwaji a wasu ƙofofi biyu da ba kowa a kai, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Ta yi kuskure ta bar ɓangarorin biyu a kan jira, bai gaya mata ba, ya ci gaba da cin gyaɗata har ta gano da kanta. Ta ce Allah ya isa tsakaninta da shi. Ya ce amin, ta sake yi.

Na raka shi bakin ƙofa. Ya hau babur, ya ɗaura hular kwano, na ce masa zan sanar da masu sauraro cewa an shawo kan matsalar.

Ya ɗaga gilashin hular. "Ɗan jarida, kada ka ce an gyara. Ka ce ana kyautata zato. Mu ga Asabar."

Na yi dariya, don da harshen aikina ya yi mini magana.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Yau a maƙabarta na ga mutanen da ban san ya sani ba. Malaman lakwal, wato makarantar boko, daga Alela, ma'aikatan buro daga Malbaza, masu shagon kwamfuta na bakin tasha. Wani ya ce mini shi ma an sa shi ya cire kabul da hannunsa, har yanzu yana tuna yadda gabansa ya faɗi.

Da yamma muka je gidan makoki ni da Alhaji. Muka yi wa maza ta'aziyya, aka kira mana Hadiza bakin zaure. Idanunta sun kumbura. Alhaji ya yi mata gaisuwa, sannan ya ce a bar akwatunan yadda suke, kada a taɓa komai. In an kashe sun ƙi tashi daidai, wanda zai duba mana sai an nemo shi daga Tawa ko Yamai, ba kuma zai iso kafin Lahadi ba.

Hadiza ta ce in ba mu kashe da hannunmu ba, masu kuran, wato kamfanin lantarki, za su kashe mana, kuma ba za su zaɓi Asabar ba.

Alhaji ya ce, "Kina cikin makoki, ɗiyata. Ki bari."

Ta ce, "Shi ya ce Asabar, Alhaji. Kuma ya nuna mani."

Muka yi mata sallama, ni da Alhaji. A mota ya ce mini maganarsa ta Lahadi tana nan, ba don ƙeta ba. Ya kuma ce shi zai zo ya kashe wutar da hannunsa, in Hadiza ta yarda.

Ya Allah, ga bawanka Lawali ya zo gare ka. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya shi, ka haskaka shi. Yadda ya rufa asirin mutane a gaban na'urar da ta fi ƙarfinsu, ka rufa nasa ranar tsayuwa. Duk gaisuwar da ta isa gida ta hannunsa, ka sa ta a ma'auninsa. Ka ba matarsa da 'ya'yansa da mahaifiyarsa haƙuri, ka tsaya musu. Ka ba Hadiza ƙarfin zuciya. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Ku da kuka karanta har nan, ina roƙonku abu ɗaya. Kada ku tsaya a danna alama. Ku ajiye wayar, ku karanta masa Ƙulhuwallahu, ku sa shi a addu'arku bayan salla. 'Yan bida da ke Abijan, da Legas, da Agadas, da ko'ina, ku gaya wa na kusa da ku su ma su yi. Sunansa Lawali ɗan Abdu.

Zuwa lokacin da nake rubuta wannan, fitilun ƙofofin biyu kore ne, gudunsu ɗaya. Akwatunan ba su mutu ba tun ranar Talata. Ko kabul ne ko ƙofa, ba a tabbatar ba tukuna. Gobe da safe za a kashe wutar.